Kotoura-san: Yarinyar da ke jin zancen zuci, inda labarinta ya yi ƙarfi da inda ya yi sako-sako

A finafinan zane na ƙasar Japan, waɗanda ake kira anime, an saba ganin jarumin da ke jin abin da ke zuciyar mutane. Yawanci baiwar kan zama makami ko abin ban dariya. Anya ta Spy x Family, wanda ya fito a 2022, tana amfani da ita wajen taimakon iyayenta a ɓoye. Saiki na The Disastrous Life of Saiki K. kuwa ƙorafi yake ta yi kan surutun da ke cika masa kai, masu kallo na dariya. Kotoura-san ya riga su duka biyun zuwa talabijin, kuma ya yi tambayar da ta fi tasu nauyi: yaya rayuwar yarinya ƙarama za ta kasance idan ba ta da madannin kashe wannan baiwa?

An nuna shirin daga Janairu zuwa Maris na 2013, kashi 12 ne, kowanne bai wuce minti 24 ba. Kamfanin AIC Classic ne ya zana shi, Masahiko Ohta ya ba da umarni, labarin kuma an ɗauko shi daga littafin zane na Enokids. A nan gaba za a taɓo yadda labarin ya ƙare, don haka wanda ba ya son a ɓata masa kallo sai ya kiyaye.

Minti 10 na farkon kashi na 1 su ne dalilin da ya sa har yau ake maganar wannan shiri. Haruka Kotoura ta taso tana jin tunanin mutane kamar yadda take jin muryarsu, kuma a ƙuruciya ba ta iya bambance biyun. Sai ta riƙa amsa abin da ba a faɗa ba. A makaranta ta fallasa wa yara wanda kowa ke so a ɓoye, suka guje ta suna kiranta dodo. Uwarta Kumiko ta yi ta yawo da ita daga wannan likita zuwa wancan, ba a samu magani ba. Daga ƙarshe yarinyar, cikin rashin sani, ta tona cewa uban yana neman wata a waje, uwar ma haka. Gida ya watse. Uwar ta kai ta wurin kakanta ta yi tafiyarta, bayan ta gaya mata maganar da bai kamata uwa ta gaya wa 'yarta ba.

Abin da ya sa wannan ɓangare ya yi tasiri shi ne babu mugu a cikinsa irin na fim. Yarinyar ba ta yi ƙarya ko sau ɗaya ba. Duk abin da ta faɗa gaskiya ne, kuma gaskiyar ce ta rusa komai. Masu rubuta manhaja sun san irin wannan matsala: tsarin da ke karɓar duk bayanin da ya shigo, ba matata, ya kuma watsa shi a allon kowa. Ba a cewa tsarin ya lalace, aikin da aka gina shi a kai yake yi, amma ba mai iya zama da shi. Shirin ya kuma fahimci wani abu da kamfanonin tattara bayanai ke yawan mantawa, cewa tunanin da ya gifta a kai daban yake da niyya. Idan aka buɗe tarihin binciken mutum a intanet aka karanta a bainar jama'a, kowane layi gaskiya ne, amma hoton da zai fito ba lallai ya zama na mutumin ba. Haka Kotoura ke ganin mutane: ɗanyen bayani, babu mahallin da zai fassara shi.

Daga nan sai ga Yoshihisa Manabe. Kotoura ta koma sabuwar makarantar sakandare, ta riga ta yanke shawarar ba za ta kusanci kowa ba. Ta leƙa kan yaron da ke zaune kusa da ita, sai ta tarar da wani shirme marar kai da gindi. Launin toka da ya rufe allo tun farko ya tarwatse, launuka suka dawo. Dabara ce mai sauƙi, amma ta yi aiki. Manabe mutum ne da cikinsa da bakinsa ɗaya ne, ba shi da abin ɓoyewa, don haka baiwar Kotoura ba ta ba shi tsoro. Da ya gane tana ganin tunaninsa, sai ya mayar da abin hanyar tsokana. Ga yarinyar da ta shafe shekaru tana ganin fuska na murmushi zuciya na zagi, wannan wawan yaro shi ne mutum na farko da za ta iya sakin jiki da shi. Dangantakar su biyun ita ce ƙashin bayan shirin, kuma Hisako Kanemoto da Jun Fukushima, waɗanda suka yi muryoyinsu, sun riƙe ta da kyau.

Akwai kuma Yuriko Mifune, shugabar ƙungiyar binciken baiwar ɓoye a makarantar, wadda Kana Hanazawa ta yi wa murya. Ita ce aka fi rubutawa da hikima a cikin abokan. Uwarta mai gani har hanji ce da jama'a suka ƙaryata, suka matsa mata har ta kashe kanta. Mifune ta jawo Kotoura jikinta ne don ta yi amfani da ita ta wanke sunan uwarta. Kotoura ta san haka tun ranar farko, ai tana jin komai, amma ta zauna. Abota tsakanin mai amfani da mutum da wanda ya san ana amfani da shi abu ne da ba kasafai ake ganinsa a shirin 'yan makaranta ba, kuma a nan ne labarin ya fi nuna ya san darajar abin da ke hannunsa.

To, sai dai daga kashi na 4 abubuwa suka fara sako-sako, kuma babbar matsalar ita ce yafiya mai araha. Dubi Hiyori Moritani. Saboda kishin Manabe ta jagoranci muzguna wa Kotoura a aji, har yarinyar ta yi amai don tsananin ƙiyayyar da ta ji a zukata. Bai ishe ta ba, ta tura ɗaliban gidan koyon faɗa na iyayenta suka lakaɗa wa Manabe duka har aka kwantar da shi a asibiti. Wannan laifi ne da ya kai a kira 'yan sanda. Amma ba a daɗe ba sai ga ta ta ba da haƙuri, ta shiga ƙungiyar, ta koma wadda ake yi wa dariya saboda ba ta iya girki ba. Za a iya kare marubutan da cewa Kotoura na ganin nadamar gaske a zuciyarta, don haka ba ta buƙatar dogon lokaci kafin ta yarda. Hujja ce mai kyau, kuma da shirin ya tsaya ya yi wasa da ita, da ya ƙara zurfi. Bai tsaya ba. Mai kallo ba ya jin zancen zuci, shi yana buƙatar ya gani a aikace, kuma ba a nuna masa ba.

Barkwancin ma yana da nasa ciwon. Tunanin batsa na Manabe ya ba da dariya a karon farko saboda yana da aiki a labarin, amma maimaita shi a kusan kowane kashi ya sa ya gundura. Wanda ya fi muni shi ne kakan, Zenzou. Dattijon da ya riƙe jikarsa lokacin da kowa ya gudu, shi aka mayar tsohon banza mai yi wa jikin jikarsa maganganun da ba su dace ba. Ana so a yi dariya, amma abin ƙyama yake jawowa, musamman a labarin da ya fara da yadda manya suka cuci yarinya. Saboda wannan kaɗai, kada zanen yara ya ruɗi kowa ya miƙa wa ƙannensa waya. Shirin ba na ƙananan yara ba ne.

Akwai dalilin wannan tangal-tangal tsakanin kuka da dariya. Littafin asali irin wanda 'yan Japan ke kira yonkoma ne, wato labari cikin akwatuna huɗu, inda na huɗun kan zo da abin dariya. An fara wallafa shi a intanet a 2010. Tsari ne da ba ya barin baƙin ciki ya zauna, kowane ɗan lokaci sai an saki wargi. Masahiko Ohta kuma gwanin barkwanci ne, shi ya yi Minami-ke da Yuru Yuri. Hannunsa ya fi sabawa da dariya, kuma ana ganin haka a duk inda labarin ya buƙaci a yi shiru na minti ɗaya.

Kashi-kashin tsakiya na hutun bazara da yawon shaƙatawa ba su da wani nauyi. Abu ɗaya mai kyau a ciki shi ne lokacin da mura ta kama Kotoura baiwarta ta ɗauke na ɗan lokaci, ta tsinci kanta tana zullumin abin da Manabe ke tunani kamar kowace budurwa. Wannan ya isa ya cika kashi uku, amma an wuce shi da sauri don a shiga labarin 'yan sanda.

Shi wannan labarin na ƙarshe shi ne mafi rauni. Wani na kai wa 'yan mata hari a gari, aka kama Moritani bisa zargi, ƙungiyar ta shiga bincike. Da aka bankaɗo mai laifin, sai ta kasance jami'ar 'yan sanda ce mai suna Tsukino, wadda ke da hali biyu a jiki ɗaya. Mai kallo mai lura zai gano ta tun da wuri, don mutanen da aka gabatar ba su da yawa. Abin takaicin shi ne wannan bincike ya cinye lokacin da ya kamata a ba uwar. Kumiko ita ce raunin da aka buɗe a minti 10 na farko, amma sulhunta da 'yarta a kashi na 12 aka cusa shi, da faɗan matashin kai da ɗan hasken abin da ta ji a ranar da ta tafi. Yana taɓa zuciya, ba a musu, sai dai shekarun watsi sun fi ƙarfin dare ɗaya. Uban kuwa, wanda laifinsa bai gaza nata ba, labarin bai sake tuhumarsa ba. Littafin bai kammala ba lokacin da aka yi shirin, kuma alamar gaggawar rufewa a bayyane take.

Ga mai lissafin data, duka shirin bai kai awa 5 ba, kuma zanensa mai sauƙi ne, ba ya buƙatar a kalle shi a mafi girman inganci. Abin da ya fi muhimmanci shi ne a bi fassarar da ke ƙasan allo da kyau, domin rabin ma'anar tana cikin gane wace magana aka furta, wace ce ta tsaya a zuci. Kashi na 1 zuwa na 4 labari ne cikakke da ke iya tsayawa da ƙafarsa, kuma ya cancanci kowane megabait. Wanda Kotoura da Manabe suka shiga ransa zai iya ƙarasawa saboda su, ya haƙura da kakan da kuma Tsukino.