Bayan jami'a, saida fentin mota?

 

A watan da ya wuce, bayan mun tashi daga karatun dare, wani dattijo ɗalibina ya tsaya. Ya bari kowa ya watse, sannan ya ce: "Malam, ina da magana." Na ce: "Bismilla, Baba."

Ɗansa ya gama karatun kasuwanci a jami'ar Tawa. Shekara ta zagayo, babu aikin biro. Yanzu wani mai kanti a Maradi ya kira shi. Kantin na saida kayan gyaran jikin mota: fenti, da mastik, da takarda mai yashi, da fitilu, da gilashi. Aikin yaron shi ne ya hau moto ya bi garaji garaji yana neman masu saye. Dattijon ya ce: "Na saida raguna, na saida gyaɗa, don ya yi lakkwal. Ashe talla zai yi?"

Ban yi masa dariya ba. Kuɗin raguna ba wasa ba ne. Amma na ce: "Baba, kada mu ce i, kada mu ce a'a, sai mun duba aikin."

Wa ke sayen kayan nan? Ba mai mota ba ne. Masu sayen su ne tolye, wato masu bugun jikin mota in ta lotse, da masu feshin fenti. Mutane ne da suka san aikinsu tun suna yara. Ba ruwansu da takardar jami'a. In ka zo musu da kaya, tambaya za su yi, kuma sai ka san amsa.

Ga misali. Mastik wani ƙulli ne da ake cike lotsawa da shi. Ba ya bushewa shi kaɗai, sai an sa masa maganin daskarewa kaɗan, kamar kashi 2 cikin 100. Da an cuɗa, cikin minti 5 ya fara ƙarfi. Lokacin bazara ma bai kai haka ba. In ya daɗe a ajiye cikin zafi, lalacewa yake. Takarda mai yashi kuma lamba gare ta. Lamba 80 kaushi ne da ita, ita ke cin mastik. Lamba 400 laushi gare ta, da ita ake gogewa kafin fenti. Ba fari ɗaya ne a duniya ba: kowace mota tana da lambar launinta a rubuce, sau da yawa a bakin ƙofa ko cikin gidan inji. Wanda ya kai wa mai feshi launin da bai dace ba, ya ɓata masa aiki, ya ɓata kansa. Saboda haka watannin farko yaron almajiri ne, ba malami ba. In yana jin kunyar tsugunawa kusa da tolye mai baƙin hannu yana tambaya, to ya nemi wani aiki.

Sai maganar kuɗi, nan ne na fi daɗewa da dattijon. Masu irin wannan aiki iri biyu ake biyansu: albashi, ko la'ada, ko kuma a haɗa. La'ada kun san ta, ita dillali ke ci a kasuwar bisashe. Mu yi lissafi kamar a aji. A ce la'adar dala 1 ce cikin kowace dala 20. In yaro ya saida kayan jika 500 a wata, ya sami jika 25. In wata ya yi sanyi ya saida na jika 200, jika 10 ke nan. A ciki zai sha isansin moto? A ciki zai biya ɗaki a Maradi? Tun watan Janairu na 2024, doka ta ce albashi mafi ƙanƙanta a Nijar jika 42 ne a wata. Ni a ganina, la'ada tsura ba ta dace da sabon shiga ba. Gara albashi ko kaɗan ne, a ɗora la'ada bisa kansa.

Ga kuma bashi. An ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma a garaji ya fi yawa. Mai feshi yakan ɗauki fenti yau, ya ce sai mai mota ya biya. Mai mota kuwa yakan yi wata bai leƙo ba. To in bashin ya nutse, wa zai biya? Mai kanti, ko yaron da ya kai kayan? In ba a faɗa tun farko ba, daga albashin yaro za a cire. Na ce wa dattijon: "Baba, a rubuta wannan a takarda, kowa ya sa hannu. A rubuta albashi, da la'ada, da isansi, da wanda ke ɗaukar bashi. A kuma tambaya ko za a sa sunansa a CNSS, asusun da ke kula da ma'aikaci in ya ji ciwo wurin aiki ko ya tsufa." Sai ya yi murmushi ya ce ai yanzu shi ma yana iya karanta takardar da kansa.

Kayan nan ba a gonarmu suke tsira ba. Daga waje suke zuwa, wasu ta Kano da Katsina su shigo ta Ɗan Isa, wasu daga bakin teku. Kun tuna Nijeriya ta rufe iyaka a watan Agusta na 2019, ba ta buɗe ba sai Disamba na 2020. A 2023 ma an rufe. In hanya ta toshe, kaya su yi tsada, mai la'ada ya zauna hannu banza. Naira kuma hawa da sauka take, shi ya sa mai kanti ke son wanda ya iya lissafin canji da riƙon littafin kaya. A nan karatun yaron zai yi amfani.

Abu guda kuma, lafiya. Ruwan da ake tsinka fenti da shi yana kama wuta kamar isansi. Maganin da ake sa wa fentin zamani don ya daskare yana kawo ciwon asma ga mai shaƙar feshinsa. Kada yaro ya tsaya hira cikin hayaƙin feshi, kada kuma ya kwana ɗakin ajiyar kaya don gudun kuɗin haya.

Na faɗa wa dattijon ra'ayina. In mai kanti ya yarda da takarda, yaron ya karɓa. Ya yi shekara biyu, ya san kaya, ya san kowane garaji daga Maradi har Tasawa, ya san mai biya da mai cin bashi. In ya ƙi takarda, a bar shi da kantinsa.

Dattijon ya yi shiru. Can ya ce: "Malam, ranar Litinin za ni Maradi saida wake. Rubuto mini tambayoyin nan da manyan baƙaƙe." Na rubuta masa guda biyar. Ya karanta su sau biyu a hasken fitila, ya naɗe takardar ya sa cikin hularsa.