Darasin Bingham ga Faston da Gwiwarsa Ta Yi Sanyi

A watan Disamba na 1893 samari uku suka sauka Legas da nufin kai bishara ƙasar Sudan, wato yankin da ya haɗa da Arewacin Nijeriya ta yau. Kafin ƙarshen 1894, Walter Gowans ya rasu a Girku, Thomas Kent a Bida. Na ukunsu, Rowland Bingham, ya koma Kanada hannu rabbana. Ya sake gwadawa a 1900, zazzaɓin cizon sauro ya kuma kora shi.

Faston da ke ƙirga kujerun da ba kowa ranar Lahadi, albashinsa kuma ya yi wata uku bai zo ba, yakan ji wannan labari a matsayin yabon naci. Akwai abin da ya fi naci a cikinsa. Lokacin da aka kafa tashar farko a Patigi a 1902, Bingham ba ya cikin ayarin. Daga Kanada ya riƙa tara kuɗi da ma'aikata, ya yarda wasu su taka ƙasar da jikinsa ya gaza zama a cikinta. A nan dogararsa ga Allah ta fi bayyana: ya raba aikin da sunansa. Sau da yawa karayar mai hidima daga nan take tasowa, don ya ɗauka girbin nasa ne, kuma dole ya gan shi da idonsa.

Bingham ya rasu a 1942. Sai a 1954 aka kafa ikilisiyar ECWA daga aikin mishan ɗinsa, shekara goma sha biyu bayan an binne shi.