Wa Zai Iya Ce wa Mai Gidauniya A'a?

A watan Mayun 2021 ne Bill Gates da matarsa Melinda suka sanar da cewa aurensu na shekara 27 ya zo ƙarshe. Mutuwar aure sha'ani ne na cikin gida, kuma da a ce wasu ne daban, da babu ruwan kowa. Amma wannan rabuwa ta tayar da hankalin masu aikin lafiya a ƙasashe da dama, domin a hannun mutanen nan biyu akalar gidauniyar da ta fi kowace kashe kuɗi a kan lafiyar talakawan duniya take. Dukiyarta a lokacin ta kai kimanin dala biliyan 50, amma amintattun da ke yanke hukunci a kanta su uku ne kacal: mijin, da matar, da amininsu Warren Buffett, wanda tun 2006 ya soma zuba mata dukiyarsa. Ba a yi wata biyu ba Buffett ya ajiye muƙaminsa, ya ce da ma ya daɗe ba ya taka wata rawa a kwamitin. Sai ya zamana makomar allurar rigakafin miliyoyin yara ta rataya a kan fahimtar juna tsakanin mutum biyu da ke gaban kotu suna raba aure.

Kada wani ya ɗauka labarin Amurka ne da bai shafe mu ba. Duk wanda ya san halin da Kano ta shiga a 2003, lokacin da aka dakatar da rigakafin shan-inna har kusan shekara guda, ya san irin wahalar da aka sha kafin a dawo da yardar iyaye. Cikin kuɗin da aka kashe a wannan dogon yaƙi akwai kaso mai tsoka daga wannan gidauniya. Ita da Gidauniyar Aliko Dangote suka ƙulla yarjejeniya da gwamnatin Kano kan rigakafin yau da kullum, aka buɗe asusu guda kowa na zubawa, kason gidauniyoyin na raguwa kowace shekara na gwamnati na ƙaruwa, daga baya tsarin ya kai Bauchi, Borno, Kaduna, Sakkwato da Yobe. An ga ƙwayar cutar shan-inna ta daji ta ƙarshe a Borno a 2016, kuma a watan Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ita. Firjin ajiye allura a wani ƙaramin asibitin karkara a Bauchi yana da alaƙa da shawarar da ake yankewa a birnin Seattle, mazaunin gidauniyar, ko mai gadin asibitin ya sani ko bai sani ba.

Gidauniyar ta gane haɗarin da take ciki. A watan Janairun 2022 ta shigo da bare cikin kwamitinta a karon farko in ban da Buffett: Strive Masiyiwa ɗan Zimbabwe, mai kamfanin Econet da 'yan Najeriya suka sani tun farkon zuwan wayar salula, da Minouche Shafik haifaffiyar Masar, da Tom Tierney, tare da shugaban ma'aikatanta Mark Suzman. An kuma rubuta tun da wuri abin da zai faru idan tsoffin ma'auratan suka kasa aiki tare. Haka kuwa aka yi: a 2024 Melinda ta fita da dala biliyan 12.5 don ta ci gaba da nata aikin, gidauniyar ba ta girgiza ba. Na yaba da wannan gyara, sai dai ya zo a makare, bayan an shafe shekara ashirin ana juya biliyoyi babu wanda ke zaune a teburin da zai iya duban mai dukiyar ya ce masa wannan shawara ba ta yi ba.

Abin da ya sa na kawo wannan zance shi ne, in har gidauniyar da ke da tarin lauyoyi da akantoci za ta iya kaiwa bakin rami saboda ƙarancin amintattu, ina ga namu na gida? Ƙasar Hausa ba ta taɓa rasa masu kyauta ba. Tun zamanin Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, har zuwa ɗansa Aminu da muka rasa a 2025, an san ƙofar gidan attajiri da cincirindon mabuƙata, an san buhunan gero da ake rabawa da azumi, da masallacin unguwa, da kujerun Makka. Wannan alheri ne na gaske, kuma rayuka da yawa sun tsira da shi. Rauninsa guda ne: yawanci a aljihun mai shi yake zaune, a cikin kansa kuma lissafin yake. Shi ya san marayu nawa yake biya wa kuɗin makaranta, shi ya san malaman Islamiyya nawa ke jiran albashi daga wurinsa ƙarshen wata. Ranar da ya kwanta dama, sai a nemi takarda a rasa.

Kowa a cikinmu ya san irin wannan makaranta. An gina ta da kyau, an raɗa mata sunan mahaifiyar mai ita, ɗalibai sun cika aji. Bayan sadakar arba'in sai magada su zauna rabon gado, a tarar takardar filin har yanzu da sunan marigayi take. A cikin magadan akwai mai son a ci gaba, akwai wanda bashi ya yi masa katutu yana jiran kasonsa, akwai ƙananan yara da waliyyinsu ba shi da ikon yafe haƙƙinsu ko da ya so. Alƙali kuwa ba zai hana magaji gadonsa don an ce marigayi ya yi niyya ba. Cikin shekara biyu malamai sun watse, rufi ya soma yoyo, wata rana a wayi gari an mayar da azuzuwan shaguna. Ba na zargin magada a nan. Haƙƙinsu suka karɓa. Mai laifin, in akwai shi, shi ne wanda ya yi alherin bai ƙarasa ba.

Malamanmu na fikihu sun riga sun hango wannan tun ƙarnuka da suka wuce. Duk almajirin da ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ya wuce ta wurin da aka yi bayanin cewa kyauta da sadaka da hubusi ba sa tabbata sai abin ya fita daga hannun mai bayarwa ya shiga hannun mai karɓa. Idan ya mutu abin na hannunsa, ya koma gado. Idan kuma a ciwon ajali ya bayar, to hukuncin wasiyya ya hau kansa, ba zai wuce sulusin dukiya ba. A mazhabar Malikiyya ma an tsananta har aka ce idan mai hubusi ya shardanta cewa shi da kansa zai ci gaba da kula da abin, hubusin ya ɓaci, duk da cewa wasu mazhabobin sun sassauta. Hikimar a fili take. Wanda ya ce ya bayar amma mabuɗin na aljihunsa, zai iya canza ra'ayi gobe, masu binsa bashi za su iya kamawa, magada kuma ba su da hanyar bambance abin da ya bayar da abin da ya bari.

Kwamitin amintattu shi ne hannun da ke karɓa a wannan zamani. Shi ya sa nake ganin ba ƙaramin kuskure ba ne a ɗauke shi a matsayin sunayen da lauya ke buƙata don cike fom. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ce mutum biyu ko fiye za su iya yin rajista a matsayin amintattu a Hukumar Rajistar Kamfanoni, a buga sunayensu a jarida, a jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi. Ku riƙa duba waɗannan ƙananan sanarwoyi a shafukan baya na jaridu. Sau da yawa za ku ga sunan mahaifi guda ya jeru daga sama har ƙasa: Alhaji shugaba, Hajiya ma'aji, babban ɗa sakatare. Doka ta yarda da hakan. Amma a al'adarmu wane ɗa ne zai ɗaga hannu a taro ya ce Baba, kuɗin nan da ka ciro daga asusun gidauniya ka kai wa ɗan takara bai halatta ba? Tarbiyyar da muke alfahari da ita ce ma za ta rufe masa baki.

An ga ƙarshen irin wannan tsari a Amurka. Gidauniyar Donald Trump, wadda 'ya'yansa uku ke cikin kwamitinta, hukumomin jihar New York sun gano cewa kwamitin bai zauna taro ba tun 1999. An yi amfani da kuɗin sadaka wajen sayen zanen hoton mai gidauniyar da kuma biyan wasu buƙatun kasuwancinsa da na siyasa. An amince a rushe ta a ƙarshen 2018, kuma a 2019 kotu ta umarce shi ya biya dala miliyan biyu ga ƙungiyoyin agaji.

Ban ce a kori iyali ba. Wannan ma yana da tasa illar. Gidauniyar Ford, wadda aka kafa a 1936, wadda kuma ita da ta Rockefeller suka assasa cibiyar binciken noma ta IITA a Ibadan a 1967, ta yi nisa da iyalin da suka kafa ta har Henry Ford na Biyu ya fice daga kwamitinta a 1976 cikin ɓacin rai, yana ganin ta manta da tushen dukiyarta. Sai a 2019 wani daga zuriyar ya sake zama a kujerar. Ɗa ko 'ya da suka taso suna ganin abin da ke sa mahaifinsu hawaye suna riƙe da wani abu da ƙwararren bare ba zai samu a cikin fayil ba. Sayyidina Umar, da ya mayar da gonarsa ta Khaibara wakafi bisa shawarar Manzon Allah (SAW), 'yarsa Hafsa ya damƙa wa kulawar. Amma a rubuce ya yi, da shaidu. Ya fayyace waɗanda za su ci amfanin, ya hana a sayar ko a kyautar ko a gada, ya iyakance abin da mai kulawa zai ci, ya kuma faɗi wanda zai karɓa bayan ta, wato ma'abota hankali daga cikin danginta. Ko a cikin dangin ma, cancanta ya duba.

Manyan gidauniyoyinmu sun soma bin wannan hanya, kuma ya kamata a faɗa. Gidauniyar Dangote, wadda ta faro a 1994, an ware mata dala biliyan 1.25 a 2014, kuma aka ɗauko Zouera Youssoufou, 'yar Nijar da ta yi aiki a Bankin Duniya, aka ba ta ragamar gudanarwa, yayin da 'yarsa Halima ke cikin amintattu. Janar T.Y. Danjuma ya ware dala miliyan 100 ya kafa tasa a 2009. Abdul Samad Rabi'u ya ƙaddamar da ASR Africa a 2021. Ware dukiya da suna daban da ɗauko ƙwararru mataki ne babba. Abin da nake fata daga gare su duka, tunda su ake kallo, shi ne su mayar da wallafa sunayen amintattu da rahoton mai binciken kuɗi al'ada ta kowace shekara, a inda ɗan jarida da malamin makaranta za su iya gani. Na san masu cewa sadakar ɓoye ta fi lada, kuma gaskiya ne ga abin da mutum ya ciro daga aljihunsa. Amma dukiyar da aka riga aka ce ta marayu ce ta zama amana, mai riƙon amana kuwa ba ya jin haushi don an ce ya kawo lissafi.

Damuwata ta fi karkata ga matsakaitan attajirai, 'yan Kantin Kwari da Dawanau da Singa, da takwarorinsu na Maraɗi da Damagaram, waɗanda ke riƙe da makaranta ɗaya, rijiyar burtsatse biyu, da marayu talatin. Su ne suka fi yawa, kuma alherinsu ne ya fi saurin bin su kabari. Ba sa buƙatar ofis mai hawa uku. Mutum biyar sun isa: biyu daga gida, uku daga waje, cikinsu a samu malamin da ya san hukuncin hubusi, da wanda ya iya lissafi, da mace da ta san halin da zawarawa da marayun unguwar ke ciki, tunda galibi su ake cewa ana yi dominsu amma ba a cika tambayarsu ba. Kada a zaɓi yaron shago ko wanda ke cin abinci a hannun Alhaji, domin ba zai iya musa masa ba. A rubuta wa'adin kowa, da yadda za a maye gurbin wanda ya rasu, da sa hannun mutum nawa ake buƙata kafin kuɗi ya fita.

Sannan a haɗa aikin da abin da zai ciyar da shi. Makarantar da ba ta da shago ko gidan haya ko gona da aka tsayar dominta, albashin malamanta zai tsaya a watan da mai ita ya tsaya. Kano na da Hukumar Zakka da Hubusi, Sakkwato da Zamfara na da irin tasu, kuma babban aikin da za su yi wa jama'a shi ne su sauƙaƙa wa mai niyya hanyar sauya takardar fili daga sunansa zuwa sunan amintattu, da shaidu da hatimin kotu, tun yana da lafiyar da zai taka da ƙafarsa ya je ya sa hannu.