Aron Takunkumin Bindiga da Ikon Dogarin Daji a Amurka

Tun ran 1 ga Janairu 1 2026 wata magana ta tashi tsakanin maharban ƙasar Amurka, wadda ta isa malamai da fatake su saurara, domin ta haɗa abu biyu da kowa ya sani, watau hukuncin aro da iyakar ikon ma'aikacin gwamnati a kan dukiyar talaka.

Asalin maganar wani bututun ƙarfe ne da a ke ɗaura wa bakin bindiga don ya rage ƙararta, abin da ya dace a kira shi takunkumin bindiga. Wani Ba'amurke, Hiram Percy Maxim, shi ya sami takardar mallakar ƙirarsa a 1909. Takunkumin ba ya kashe ƙara ɗungum, sassauta ta kawai ya ke yi, don haka maharba ke sonsa, saboda kiyaye kunnensu da na karnukansu. A 1934, zamanin da 'yan fashin birane suka addabi Amurka, Majalisa ta yi dokar bindigogi ta ƙasa, ta sa takunkumin cikin kayan da ba a mallaka sai da rajista, ta ɗora masa harajin dala 200, kuɗin da ya fi dala 4,000 na yanzu. Haka harajin ya zauna shekara 91, har Shugaba Trump ya sa hannu a wata doka ran 4 ga Yuli 2025, wadda ta mai da shi ba ko anini daga farkon 2026. Amma dokar nan haraji kaɗai ta ɗauke, ba ta taɓa rajista ba. Ƙungiyoyin masu bindiga kuwa suka kai ƙara kotu a 2025, suna cewa tun da haraji ya faɗi, rajistar da aka gina a kansa ita ma ta rasa madogara.

To, ga inda gizo ke saƙa. Dokar 1934 ta hana sauya hannun takunkumi ba da iznin hukuma ba, sa'an nan ta fassara sauya hannu da faɗi ƙwarai: sayarwa, da kyauta, da haya, da jingina, da aro, duk hukuncinsu ɗaya. Attajirin da ya saba karɓar jingina, ko ya ba maƙwabci aron ma'auni ya mayar da maraice, zai ga nauyin wannan fassara. Mutum ya miƙa wa ƙanensa takunkumi ya ce ya tafi farauta ya dawo da shi jibi, a idon doka ya sauya masa hannu, shi kuma ƙanen yana riƙe da abin da ba a rubuta da sunansa ba. Su biyun sun shiga laifi, horonsa kuwa yana iya kai ɗaurin shekara 10, ban da tara, kuma a ƙwace kayan.

Abin da aka yarda da shi shi ne mai abu ya bar wani ya harba da takunkuminsa alhali yana tsaye wurin, kayan ba su fita ikonsa ba. Wanda ke son iyalinsa su yi amfani da shi ba ya nan, sai ya rubuta shi da sunan amana, ya sa sunayensu cikin amintattu. Tun 2016 kowane amintacce sai ya kai hotonsa da zanen yatsunsa ga hukumar ATF, mai kula da sha'anin giya da taba da bindigogi, a bincike halinsa. Har wa yau jihohi 8, cikinsu da Kalifoniya da Niyu Yok da Ilinoyi, sun hana talaka mallakar takunkumin gaba ɗaya.

Wani zai ce ai daji ba shi da ido, wa zai san an yi aro? Nan ne magana ta biyu ta shigo. Gyara na 4 na tsarin mulkin Amurka, wanda aka tabbatar a 1791, ya tsare jikin mutum da gidansa da takardunsa da kayansa daga bincike mara dalili. Amma a 1924, cikin shari'ar Hester, wadda ta shafi giyar sumoga, Kotun Ƙoli ta bakin Alƙali Holmes ta ce wannan tsaro bai kai ga fili da saura ba. A 1984, cikin shari'ar Oliver, 'yan sanda a jihar Kentaki suka kewaye ƙofa mai kwaɗo da allon hana shiga, suka iske gonar wiwi nesa da gida, kotun kuwa ta ce ba su keta tsarin mulki ba. Saboda haka a yawancin jihohi dogarin daji ya kan shiga gonar mutum ko dajinsa ba da takardar alƙali ba, ya tambayi maharbi lasisinsa, ya duba abin da ya kashe. Gida da harabarsa ne kaɗai ba ya shiga haka nan. In ya iske takunkumi a hannun wanda ba shi da shaidar mallaka, mai shi kuma yana can gari, aron alheri ya zama shari'a. Daman Bahaushe ya ce kayan aro ba ya rufe katara.

Dogaran daji suna da hujjarsu, ba kuwa ta banza ba ce. A dokar Amurka namun daji na jama'a ne, jiha ke riƙe da su amana, ba na mai ƙasar da suka ratsa ba. Barewa ba ta san shinge ba. Da sai an nemo takardar alƙali kafin a leƙa kowace gona, da ɓarayin nama sun gama fiɗa sun kwashe kafin dogari ya iso.

Amma iko in ba a yi masa linzami ba ya kan zarce. A jihar Tenesi, a 2017, wani manomi ya tarar ma'aikatan namun daji sun maƙala na'urar ɗaukar hoto a bishiyar gonarsa ba da saninsa ba. Shi da wani mai ƙasa irinsa suka kai ƙara a 2020, suka yi nasara a 2022, kotun ɗaukaka ƙara ta jihar kuma ta tsaya musu a watan Mayu 2024. Dalilinta kalma guda ce: tsarin mulkin Tenesi ya ambaci abin da mutum ya mallaka, ƙasar da a ke nomawa ko kiwo ko farauta a cikinta kuwa tana cikin mallaka. Jejin da ba mai amfani da shi ne kawai aka bari a buɗe. Kotunan Niyu Yok da Montana da Oregon da Bamont sun riga sun bi irin wannan hanya bisa tsarin mulkin jihohinsu.

In an auna al'amuran biyu, nauyinsu ba ɗaya ba ne. Hukuncin aro yana da tsanani, amma a fili ya ke, mai son kuɓuta yana da hanya: ya tsaya wurin kayansa, ko ya rubuta amana. Hatsarinsa shi ne jahilci. Takunkuman da ke cikin rajista sun wuce miliyan 2 da rabi tun 2021, faɗuwar haraji kuma ƙara yawan masu saye za ta yi, da yawansu suna zaton doka ta tafi tare da harajin. Ikon dogari kuwa mai ƙasa ba shi da dabarar tsare kansa daga gare shi, sai abin da kotu ko majalisar jiharsa ta tsaga. Hukuncin Tenesi bai hana dogari aikinsa ba, sharaɗi ya gindaya masa: ya nemi iznin mai gona, ko ya kai dalilinsa gaban alƙali, kamar yadda a ke nema ga ɗan sanda a ƙofar gida. Maharbin da ya ƙetare iyakar jiha, wajibi ne ya tambayi dokar inda ya sauka kafin ya ɗura harsashi, kuma kada ya karɓi takunkumin kowa sai mai shi na biye da shi.