Karatu a Hanyar Bakin Teku

Wani uba a unguwar Nassarawa GRA, a Kano, yakan ɗebi 'ya'yansa a mota su nufi bakin teku, yana koya musu karatu a hanya. Dabarar nan tana da amfani ƙwarai.

Yaron da ya ƙetare Kogin Kwara a Jebba ba ya manta inda yake a taswira. In ya isa Ikko ya ɗanɗana ruwan teku, sai ya ji gishiri, ba kamar ruwan Challawa ba. A Badagiri zai ga gidan benen da aka gina a 1845. A Kwatano kuwa zai ji Faransanci, ya ƙirga kuɗin sefa, ya kuma tarar da Hausawa a zango suna ciniki kamar a Kasuwar Kurmi.

Amma fa ya kamata a bari sai babban hutu. Uban da ya wuni yana tuƙi, da dare ba ya iya duba littafin lissafi. Yaron da aka ɗauke ana tsakiyar karatu, in ya komo, sai ya iske 'yan ajinsu sun gama rabawa, shi ko bai fara ba.