Kada Mu Ƙona Kan 'Ya'yanmu Don Gudun Wahalar Tsifa

Daga Wakilinmu na Arewa

Maganar da na zo da ita yau wasu za su ce ta mata ce, ina ruwan namiji da ita. To, ku yi haƙuri ku saurara, gama abin da na gani da idona shi ya sa na ɗauki alƙalami.

A Sallar da ta wuce yayana ya zo gida Kano daga Agege tare da iyalinsa, cikinsu har da 'yarsa mai shekara bakwai. Da aka cire mata ɗankwali za a yi mata kitson Salla, sai tsohuwarmu ta kama salati. Gaban goshin yarinya ya kwashe har wajen kunnuwa, ga tabon ƙuna biyu a tsakar ka, sauran gashin kuwa ya yi ja ya miƙe kamar gemun masara, da an taɓa sai ya gutsure. Ta ce, "Ke, me kika yi wa kan jikata?" Uwar ta sunkuyar da kai ta ce, "Wallahi Inna, duk ranar tsifa kuka take yi har maƙwabta su leƙo, shi ne na sa mata rilaksa don ta huta."

Ban ga laifinta ita kaɗai ba. A gida, tsifa aikin taro ne: ga kaka, ga goggo, ga inuwa, ba mai hanzari. A Ikko kuwa, ko Sabon Badun, ko Anacha, mace tana ɗaki ɗaya da 'ya'ya huɗu, ruwa na saye ne, maigida ya fita kasuwa tun asuba, ga makaranta ranar Litinin. Daɗin daɗawa raɓar ƙasar takan sa gashi ya ƙanƙance ya cuɗe. Duk wannan gaskiya ne. Amma duk da haka ra'ayina shi ne, sa wa ƙaramar yarinya wannan mai don a samu sauƙin taje kai kuskure ne babba, domin ba gashin ne ke da laifi ba, yadda muke taje shi ne.

Bari mu fara da man kansa. Abin da ke miƙar da gashi a cikin yawancinsa shi ne soda mai ƙuna, watau irin wadda masu yin sabulu ke aiki da ita, ko kuwa 'yan'uwanta. Aikinta ta karya ƙullin da ke cikin silin gashi, kuma in ya karye ba ya komawa. A shekarar 2019 masana a Jami'ar Cape Town ta Afirka ta Kudu suka gwada irin waɗannan mayuka har 121, suka tarar duka ƙarfinsu ya kai na cin fata, har da waɗanda aka buga hoton yara a kwalinsu. A 2022 kuma Cibiyar Binciken Lafiya ta Amurka ta fitar da sakamakon bin mata fiye da 33,000 na kimanin shekara 11, inda aka ga masu yawan amfani da mayukan miƙar da gashi, watau fiye da sau huɗu a shekara, sun ninka sauran wajen kamuwa da ciwon dajin mahaifa. Binciken a kan manyan mata aka yi shi, kuma bai ce man ne kaɗai sanadi ba. To amma wane uba ne zai ji haka ya so a fara wa 'yarsa tun tana aji biyu?

Shi gashinmu na baƙar fata, silinsa a murɗe yake, kuma kowace lanƙwasa wuri ne mai rauni. Maiƙon da fatar kai ke fitarwa ba ya samun hanyar sauka har bakin gashin saboda wannan murɗewa, shi ya sa kullum yake a bushe. In aka kafa ɗan ƙaramin matajin roba tun daga tushe aka finciko, to, dukan ƙullin da ke hanya sai ya taru wuri ɗaya, daga nan sai karaya da kuka.

Akwai kuma abin da yawancinmu ba mu lura da shi ba. Kowane mutum gashi 50 zuwa 100 ne ke zuba daga kansa a kowace rana. In kai yana kitse, ba su da hanyar faɗuwa. Kitson da ya yi mako huɗu ke nan yana riƙe da matattun gashi 1,400 zuwa 2,800, sun haɗu da datti da tsohon mai a gindin kowane kitso. Su ne ke cukurkuɗe kai. Saboda haka babbar ɓarna ita ce a tsefe kai a wuce da yarinya wurin wanki ba a fitar da su ba. Da ruwa da sabulu sun taɓa su sai su dunƙule kamar tsummoki, wani lokaci sai almakashi.

Hanyar da iyayenmu suka sani ba ta da tsada. A raba kan gida huɗu ko shida, a ɗaure kowanne. A ɗauki ɗaya a yayyafa masa ruwan ɗumi ya yi laushi, gama irin gashinmu ya fi jin mataji in yana da danshi. A shafa abu mai santsi. Nan ne karkashi ya yi rana: a jiƙa busasshen ganyensa a ruwan ɗumi har ya saki yauƙi, a tace. Wannan karkashin da muke kaɗa miya da shi, shi ne matan Chadi ke kira ambunu, har ana ƙulla shi a leda ana sayar wa matan Amurka, mu kuwa mun bar shi a kasuwa muna neman na kwali. In babu, man kaɗanya ko na kwakwa da ɗan ruwa ya wadatar. Sai a fara da yatsu, a warware ƙulli ɗaya bayan ɗaya, a zare matattun gashin. Bayan haka ne mataji zai shiga, mai manyan haƙora masu tazara, daga bakin gashi a riƙa hawa sama kaɗan-kaɗan, hannu ɗaya yana riƙe da gashin kusa da tushe don kada jan ya kai ga fata. In an gama gida ɗaya a murɗe shi a ajiye, a kama na gaba. Sa'an nan a wanke.

Uwa tana iya gane ko tana ɓarna. Ta duba abin da ya fito a mataji. In dogo ne da ɗan farin ɗigo a gindinsa, wanda ya zuba da kansa ne, ba komi. In kuwa gutsattsari ne sun cika zane, to, karyawa ake yi, sai a sassauta hannu a ƙara santsi.

Su ma makitsa ina da magana da su. Shuku ko zane mai tsauri har yarinya ta kasa ɗaga gira, har ƙuraje su feso a gaban goshi, ba gwaninta ba ne. Likitocin fata sun ce zubar gashin da ja ke jawowa takan warke in an bari da wuri, amma in aka daɗe sai ramin gashin ya mutu, ba mai da zai tsiro da shi.

Mu kuma maza, aikin nan yana cin wajen awa guda ko fiye. In kana son a yi shi da kyau, ranar Asabar ka ƙara kuɗin ruwa, ka ɗauki ƙananan yaran ka fita da su, ka daina tsayawa a bakin ƙofa kana cewa a yi sauri. Motocin da ke kai kaya Mile 12 daga Arewa kullum suna hanya, saƙon karkashi da man kaɗanya ba zai gagari kowa ba.

Ita dai 'yar yayana, Inna ta sa an aske mata kan duka, ta riƙe ta a Kano har ƙarshen hutu. Kwanan baya na yi waya ta karɓa, ta ce, "Baffa, gashina ya fito." Na tambayi uwar. Ta ce gefen dama ya cika, na hagu ne har yanzu suke jira.