Allura dole, diyyar wanda ta nakasa kuma fa?

Makon jiya na je gida Gozaki, na tarar da ƙanin mahaifinmu zaune a gindin darbejiya, hannun hagu a rataye da rawani. Wata huɗu ke nan da aka yi masa allurar korona. Tun daren ranar kafaɗar ta riƙe. Yau ko riga ba ya iya sawa sai an kama masa, balle fartanya. Masararsa ta bana 'yan ƙwadago suka nome, da kuɗin bashi. Ya koma inda aka yi masa allurar, aka ba shi farasitamol, aka ce zai wuce. Na ce, "Baba, an rubuta kukanka kuwa?" Ya ce, "Wa zai rubuta, ɗan nan? Ƙaddara ce."

Mun yarda da ƙaddara. Amma addinin da ya koya mana ita shi ya wajabta diyya ko a kisan kuskure.

Kada wani ya juya min magana. Ni an yi min allurar, 'ya'yana ba wadda ta wuce su. Rigakafi ne ya raba Najeriya da shan inna, har aka tabbatar da hakan a 2020. Irin ciwon Baba ma sau da yawa ba daga ruwan allurar yake ba, daga hannun mai yi ne. In aka soka ta can sama, maimakon ta zauna a tsokar dantse sai ta shiga gaɓar kafaɗa, wurin ya kumbura ya sandare. Kuskure ne sananne. A Amurka tun 1986 suka yi dokar biyan diyya, ana cire senti 75 a kan kowace allura ana tarawa a asusu, a 2017 kuma suka sa ciwon kafaɗa cikin jerin abin da ake biya. Ba sai ka tabbatar da laifin wani ba, ka nuna dai allurar ce sila.

Mu fa? Daga 1 ga Disamba 2021 gwamnatin tarayya ta ce mu ma'aikatanta ba shiga ofis sai da katin allura ko shaidar gwaji. Wajen tilastawa akwai ƙarfi. Wajen ɗaukar nauyi, shiru. Shirin COVAX da ya kawo mana alluran ya samar da tsarin diyya na ƙasashe 92, har da Najeriya, ga wanda ya samu nakasa ta dindindin ko ya rasu. Don Allah wa ya taɓa jin wannan a rediyo da Hausa? Fom ɗin yana intanet. Manomin Gozaki ko na Dabai ne zai cike?

Kuma kamar mun manta da Kano. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara kusan 200, 11 suka rasu. Sai 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75, iyalan farko ba su ga kuɗi ba sai 2011. Shekara 15! A tsakanin nan ne, a 2003, aka ƙaurace wa allurar shan inna, cutar ta bazu har wasu ƙasashe. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ba jahilci kaɗai ke korar mutane daga allura ba, har da ganin an cuci wani an share.

Ni ma'aikaci ne, na san yadda fayil ke kwana a durowa. Shi ya sa abin da nake nema ba shi da yawa. Hukumar lafiya a matakin farko ta sa rajistar ƙorafi a kowace ƙaramar asibiti, a ba mai kuka takarda a hannu. A ƙara horar da masu allura. Wanda ya samu matsala a yi masa magani kyauta. 'Yan majalisarmu na Katsina kuma su kawo dokar asusun diyya, ko daga kuɗin tallar rigakafin ne a yanka.

Wanda ya ci ladan kuturu, shi ke masa aski. Baba ya amsa kiran gwamnati, ya miƙa hannunsa. Maƙwabtansa suna kallo, kuma gobe za a zo neman hannun 'ya'yansu.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa shugabanni su ji.